SAUYIN YANAYI: Wane Littafi Za A Karanta, Kuma Da Wanne Za A Fara?

A 'yan shekarun nan babu maganar da ta shiga bakin jama'a kamar maganar sauyin yanayi. In ruwa ya yi jinkirin sauka, a ce sauyin yanayi ne. In ya sauka ya yi yawa har ya ci gidaje, a ce shi ne. In tumatir ya yi tsada a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko kuwa manomi da makiyayi suka saɓa a kan burtali, nan ma shi za a ambata. A gefe guda kuma ga masu cewa duk zancen Turawa ne, ai tun zamanin kakanni ana fari ana ambaliya. Abin mamaki shi ne, in ka tsare mutum daga kowane ɓangare ka ce ya faɗi littafi guda da ya karanta a kan batun, galibi sai ya yi shiru.

Alhali kuwa al'amarin ba na wasa ba ne. Ambaliyar da aka yi a ƙasar nan cikin 2022 ta kashe mutum fiye da 600, ta kuma raba fiye da miliyan guda da gidajensu. Cikin watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na birnin Maiduguri. Duk lokacin da irin wannan ta auku, akwai tambayar da ya kamata ɗan ƙasa ya iya yi: nawa ne rabon zafin duniya a cikin wannan masifa, nawa ne kuma rabon magudanar da aka toshe da gidan da aka gina a kan hanyar ruwa? Wanda bai iya rarrabe waɗannan ba, kowa na iya ruɗinsa, ko mai son ya ɓoye sakacinsa a bayan sauyin yanayi, ko mai son ya ce babu sauyin sam.

Saboda haka muka ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu bayanin waɗansu littattafai, mu kuma jera su bisa tsarin da muke ganin ya fi amfani. Gama karatun wannan fanni kamar hawan tsani ne, wanda ya fara daga sama faɗuwa zai yi. Kusan dukansu da Turanci aka rubuta su, kuma za mu komo kan wannan matsala a ƙarshe.

A FARA DA ASALIN MAGANA

Littafin da ya kamata a fara da shi shi ne The Discovery of Global Warming, watau labarin yadda aka gano ɗumamar duniya, wanda wani masanin kimiyya da tarihi na Amurka, Spencer Weart, ya wallafa a shekarar 2003, aka kuma sake buga shi da gyara cikin 2008. Ƙaramin littafi ne, ba shi da lissafi mai wuya, kuma babban amfaninsa shi ne yana kawar da zaton da mutane da yawa ke yi cewa maganar jiya-jiya aka ƙago ta.

A ciki mai karatu zai ga cewa tun wajen 1824 wani Bafaranshe mai suna Joseph Fourier ya lura cewa iskar da ke kewaye da duniya tana riƙe zafi. Cikin 1859 John Tyndall ya gwada a ɗakin bincike a London, ya tabbatar cewa tururin ruwa da iskar kabon su ne ke tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san hunturu. Da rana ana zafi, amma da dare ya yi sai sanyi ya sauko kamar ya tsaga ƙashi, domin iska ta bushe, babu tururin da zai riƙe zafin. Daren damina kuwa, mai laima da gajimare, yakan kwana da ɗumi. To, iskar kabon mayafi ce irin wannan, sai dai ita ba ta sauka ta zama ruwa cikin 'yan kwanaki. In ta hau, wani sashenta yakan daɗe ɗaruruwan shekaru.

Cikin 1896 wani masanin ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya zauna da alƙalami da takarda ya lissafta cewa in iskar kabon ta ninka, zafin duniya zai ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Shi a ganinsa abin zai ɗauki dubban shekaru, kuma da yake mutumin ƙasar sanyi ne, har murna ya yi. Cikin 1938 wani injiniya Baturen Ingila, Guy Callendar, ya tattara ma'aunin zafi na tashoshi da yawa ya ce ɗumamar ta riga ta fara, amma masana ba su kula shi sosai ba. Sai cikin 1958 Charles Keeling ya fara auna iskar kowace rana a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai. A lokacin ya sami kashi 315 cikin miliyan. Kafin zamanin masana'antu kashi 280 ne. Cikin 2024 ya haura 420.

Wani abin da wannan littafi ke koyarwa shi ne bambancin da harshenmu bai fito da shi sarai ba. Mu kalma guda muke da ita, yanayi. Amma akwai yanayin yini ko mako, wanda ke juyawa kamar hawainiya, akwai kuma yanayin ƙasa, watau matsakaicin abin da aka gani cikin shekara 30. Damina guda mai kyau ba ta ƙaryata sauyin yanayi, fari guda kuma ba ya tabbatar da shi.

RAHOTON MASANAN DUNIYA

Bayan tarihi sai hujja. Cikin 1988 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa wani kwamitin masana da ake kira IPCC. Shi kwamitin ba ya yin bincike da kansa; aikinsa shi ne ya tattara dubban binciken da aka wallafa, ya auna su, ya faɗi inda aka haɗu da inda aka saɓa. Rahotonsa na shida ya fito kashi-kashi tsakanin 2021 da 2023, kuma ya ce babu sauran shakka ayyukan ɗan Adam ne suka ɗumama duniya, har zafinta tsakanin 2011 da 2020 ya ɗara na shekarun 1850 zuwa 1900 da digiri 1.1.

Kada girman rahoton ya tsorata mai karatu. Gaskiya ne shafukansa dubbai ne, amma kowane kashi yana da taƙaitawa ta 'yan shafuka da aka yi domin masu mulki, kuma kyauta ake samunta a intanet, da Turanci da Faransanci da Larabci. Wanda ya gama taƙaitawar sai ya nemi babi na 9 na kashin da ya fito cikin 2022, domin shi ne ya keɓanta da Afirka.

Abin da za a lura da shi a nan shi ne ladabin maganarsu. Ba su cewa abu zai faru kawai, sai sun faɗi ƙarfin yaƙininsu. In suka ce mai yiwuwa ne, suna nufin yiwuwarsa ta kai kashi 66 cikin 100; in suka ce mai yiwuwa ne ƙwarai, ta kai kashi 90. Ta haka mai karatu zai gane cewa ƙaruwar zafi a Afirka ta Yamma tabbatacciya ce, haka kuma ƙaruwar ruwa mai sauka da ƙarfi lokaci guda, amma a kan jimillar ruwan da yankin Sahel zai riƙa samu nan gaba, lissafin masana bai zo ɗaya ba. Wanda ya koyi wannan ladabi ya sami makami, domin duk wanda ya zo masa da magana a yanke, ba tare da ko da ƙaramin togaciya ba, zai san ba daga masana ta fito ba.

MASU GANI DA IDO

Alƙaluma ba su shiga zuciya kamar labarin wanda ya je ya gani. Wata 'yar jarida ta Amurka, Elizabeth Kolbert, ta wallafa Field Notes from a Catastrophe cikin 2006, bayan ta yi tafiye-tafiye tare da masu bincike. Ta je Shishmaref, wani ƙauye a wani tsibiri na Alaska, inda ƙanƙarar da ke kare gaɓa daga igiyar teku ta daina daskarewa da wuri, har mutanen suka yanke shawarar tashi. Ta je Holan, ƙasar da ta shekara ɗaruruwa tana kokawa da teku, ta ga gidajen da aka gina domin su yi iyo in ruwa ya taso. Mazauna Ikko da Fatakwal, waɗanda teku ke maƙwabtaka da su, ba za su ji wannan labari kamar na nesa ba.

Shi kuwa Mark Lynas na Ingila, a littafinsa Six Degrees na 2007, babi-babi ya bi: me zai faru in zafi ya ƙaru da digiri 1, me zai faru a 2, har zuwa 6. Ya sake rubuta shi da sabon bincike cikin 2020 da sunan Our Final Warning, kuma wannan na biyu ya fi dacewa a nema. Littafi ne mai tayar da hankali, don haka ne ma ba mu sa shi a farko ba. Amma yana fahimtar da mutum dalilin da ya sa ƙasashen duniya, a yarjejeniyar Paris ta 2015, suka yi ta ja-in-ja a kan rabin digiri, watau tsakanin 1.5 da 2. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ita ce shekarar farko da zafinta ya haura digiri 1.5 ɗin nan.

GUBA DA MASU SAYAR DA SHAKKA

Maganar muhalli ta fi maganar zafi faɗi, kuma uwar littattafan wannan fanni ita ce Silent Spring ta Rachel Carson, wadda ta fito cikin 1962. Ma'anar sunan ita ce lokacin da sanyi ke wucewa a ƙasashensu, tsuntsaye su dawo da kuka, amma a wayi gari a ji tsit. Carson ta bayyana yadda maganin ƙwari irin DDT ba ya tsayawa a kan ƙwaron da aka fesa wa. Yakan shiga ƙasa da ruwa, ƙaramin kifi ya ci, babban kifi ya ci ƙarami, tsuntsu ko mutum ya ci babba, gubar tana taruwa a kowane mataki. Kamfanonin magani sun yi mata caa, ta kuma rasu cikin 1964, amma cikin 1972 Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki. Ya kamata a sani ba cewa ta yi a daina maganin ƙwari ɗungum ba, cewa ta yi a san abin da ake fesawa da inda zai ƙare. Duk wanda ya taɓa ganin an zuba maganin ƙwari a kogi don kama kifi, ko a buhun wake don kada ya huje, ya san gargaɗinta bai tsufa ba.

Daga nan sai Merchants of Doubt, watau 'yan kasuwar shakka, na Naomi Oreskes da Erik Conway, na 2010. Su biyun masana tarihin kimiyya ne, kuma sun bi takardu suka nuna yadda 'yan tsirarun masana, waɗansunsu mutum ɗaya a wurare da yawa, suka yi aikin jefa shakka a kan cutarwar taba sigari, sa'an nan a kan ruwan sama mai guba, sa'an nan a kan ɗumamar duniya. Dabarar ba ta ƙaryata gaskiya kai tsaye ba ce, ta cewa ce har yanzu ba a tabbatar ba, a dakata tukuna. Wannan littafi rigakafi ne ga mai sauraron muhawara a rediyo ko mai karanta abin da ake yaɗawa a waya.

ƘASARMU DA ABIN DA AKA FAƊA A KANTA

Yanzu kuma mu komo gida, domin a nan ne karatu ya fi zama tilas. An daɗe ana rubutu a kan ƙasar Hausa da maƙwabtanta, kuma ba duk abin da aka rubuta ne ya tabbata ba. Cikin 1935 wani Baturen gandun daji, E. P. Stebbing, bayan ya zagaya Arewa, ya yi shelar cewa Sahara na tahowa za ta cinye ƙasar, ya kuma ɗora laifin a kan noma da kiwon talakawa. Gwamnatocin Ingila da Faransa suka aika da kwamitin haɗin gwiwa cikin 1936 da 1937, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar, ya dawo ya ce bai ga alamar hamada na tafiya kamar runduna ba. Duk da haka maganar Stebbing ce ta zauna a kunnen hukuma.

Da aka yi babban farin 1968 zuwa 1974, sa'an nan na 1983 da 1984, sai zargin ya sake tashi. Cikin 1975 wani masanin Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa yawan kiwo ne ya tsiraita ƙasa har ta kori ruwa. Amma binciken da aka wallafa cikin 1986 da 2003 ya nuna cewa babban dalilin farin yana can cikin teku, watau sauyin zafin ruwan tekunan duniya, kuma waɗansu masana sun nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na da hannu wajen tura damina kudu. Ashe akuyar Bafillace ba ita ta hana ruwa sauka ba.

Mutumin da ya fi kowa wahala wajen gyara wannan fahimta shi ne Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano daga 1962 zuwa 1986, ya rasu cikin 2017. Littafinsa Adapting to Drought na 1989 ya ginu ne a kan shekarun da ya yi yana komawa ƙauyuka irin su Dagaceri, yana rubuta abin da manoma suka yi da fari ya zo: yadda suka riƙa haɗa irin gero mai saurin nuna da mai jinkiri, yadda suka jingina da ƙananan dabbobi da sana'ar hannu da cin rani, da yadda suka san ganyaye da 'ya'yan itacen da ke tsare rai. Ya kuma yi nazarin karkarar Kano, inda mutane suka yi yawa ƙwarai amma ƙasa ba ta mutu ba, saboda taki da ake kaiwa gona, har da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni, da itatuwan da manomi ke bari da gangan. Wanda Turancin jami'a ke yi wa nauyi ya nemi Roots in the African Dust na 1998, ya fi sauƙi.

Abokin tafiyar wannan shi ne Silent Violence na Michael Watts, na 1983, wanda ya yi bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina. Tambayarsa ita ce, me ke mai da fari ya zama yunwa? Amsarsa ita ce ba rashin ruwa kaɗai ba ne. Ya nuna yadda harajin kuɗi na zamanin Turawa da noman gyaɗa don sayarwa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, suka raunana rumbu da taimakon juna, har yunwar 1913 da 1914, wadda a wurare da yawa ake kira Kakalaba, ta yi mummunar ɓarna. Littafi ne mai kauri da nauyin harshe, kuma akwai masu ganin ya ƙawata zamanin da ya gabaci Turawa fiye da kima. Amma darasinsa ya tsaya: ruwa daga sama yake, yunwa kuwa da hannun mutane a ciki.

Irin wannan gyaran fahimta James Fairhead da Melissa Leach suka yi a Misreading the African Landscape na 1996. A yankin Kissidougou na ƙasar Gini, hukuma ta shekara da shekaru tana ɗaukar kurmin da ke kewaye da ƙauyuka a matsayin ragowar babban dajin da mutane suka cinye, tana kuma cin tararsu. Da aka duba tsofaffin hotunan jirgin sama aka tambayi dattawa, sai aka ga mutanen ne suka shuka kurmin a fili.

Kada mai karatu ya fahimci cewa babu lalacewar ƙasa. Akwai ta, kuma wanda ya ga tudun rairayi a Yusufari ta Jihar Yobe, ko motocin itace da gawayi da ke shiga birane kullum, ba ya bukatar littafi ya gaya masa. Abin da waɗannan marubuta ke cewa shi ne a duba kowane wuri da dalilinsa. Tafkin Chadi misali ne. Gaskiya ne faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 cikin 1963, ya kuma ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a shekarun fari. Amma hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna cewa tun shekarun 1990 bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, har ya ɗan farfaɗo. Abin da ke wahalar da masunta da manoman yankin shi ne rashin tabbas, ga kuma rashin tsaro.

WAƘA A BAKIN MAI ITA

Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, amma tana cikin masu shan wuya, don haka ya wajaba a ji ta bakin 'ya'yanta. Wangari Maathai ta Kenya ta ba da tarihin rayuwarta a Unbowed na 2006. Ta tuna wata babbar itaciyar ɓaure da ƙoramar da take ɗiban ruwa tana yarinya, da yadda ƙoramar ta ƙafe bayan an sare itaciyar. Cikin 1977 ta kafa ƙungiyar mata masu dashen itatuwa, ta sha duka da ɗauri a hannun hukuma, cikin 2004 kuma ta zama macen Afirka ta farko da ta sami lambar Nobel ta zaman lafiya.

A nan gida akwai A Month and a Day na Ken Saro-Wiwa, labarin tsarewar da aka yi masa cikin 1993 saboda fafitikar mutanen Ogoni a kan ɓarnar man fetur. An rataye shi tare da mutum 8 a Fatakwal ran 10 ga Nuwamba, 1995, a shekarar da littafin ya fito. A haɗa shi da rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni, wanda ya sami gubar benzin a ruwan rijiyar wani gari ninki 900 bisa abin da aka yarda da shi, ya kuma ce gyaran ƙasar na iya cin shekara 25 zuwa 30. Mai son labarin ƙirƙira ya nemi Oil on Water na Helon Habila, ɗan Jihar Gombe, na 2010. Mu 'yan Arewa mukan ji kukan mutanen Neja Dalta daga nesa, su ma haka suke jin namu. Karatun juna zai rage wannan tazara.

INA MAFITA?

Bai kamata mutum ya rufe karatunsa da tsoro ba. Bill Gates, a littafinsa How to Avoid a Climate Disaster na 2021, ya rarraba tan biliyan 51 na iskar da ake fitarwa kowace shekara: kashi 31 cikin 100 daga ƙera abubuwa irin siminti da ƙarfe, 27 daga wutar lantarki, 19 daga noma da kiwo, 16 daga sufuri, 7 daga ɗumama gidaje da sanyaya su. Wannan rabo kaɗai ya isa dalilin karanta shi, ko da yake ana sukarsa da cewa ya dogara ga na'ura fiye da kima, kamar yadda attajiri zai yi. Hannah Ritchie kuma, a Not the End of the World na 2024, ta kawo alƙaluman abubuwan da suka gyaru, kamar faɗuwar farashin lantarkin hasken rana da kusan kashi 90 cikin 100 a shekara 10.

Amma labarin da ya fi kusa da mu yana cikin The Forest Underground na Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya yi aikin gona a Maraɗi. Bayan ya sha kaye wajen dashen itatuwan da ke mutuwa, cikin 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In manomi ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu ya bari, ya datse sauran, cikin 'yan shekaru sai itace ya tashi. Da manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi wannan, aka kuma sassauta dokar da ta mai da itacen gona mallakar hukuma, sai aka ƙiyasta cewa kadada miliyan 5 ta farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200, da yawansu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana.

SHAWARA TA ƘARSHE

Littattafan nan suna da tsada, kuma ba kowane kanti ke da su ba. A leƙa laburaren jami'a, a tambayi masu sayar da tsofaffin littattafai, ko kuwa mutum biyar su haɗa kuɗi su sayi guda su riƙa karɓa-karɓa. Wanda ba zai iya karanta fiye da uku ba, ya ɗauki na Weart don ya san asali, taƙaitawar IPCC don ya san hujja, da na Mortimore don ya san gida. A kowane littafi kuma a duba shekarar da aka buga shi, a tambayi wane ne marubucin da inda ya samo alƙalumansa. Manomi kuwa kada ya manta da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara.

Saura magana guda, kuma ita ta fi damunmu. Waɗanda suka ba Mortimore da Watts da Rinaudo labari da Hausa suka ba su, amma jikokinsu ba su iya karanta abin da aka rubuta sai sun bi ta Turanci. Muna kira ga sassan koyar da harsunan Nijeriya na jami'o'inmu, da kamfanonin ɗab'i na Zariya da Kano da Badun, da su ɗauki ko da biyu daga cikin waɗannan su fassara, su kuma sa malamanmu na labarin ƙasa su rubuta nasu. Kafin nan, wanda Allah ya ba ikon karantawa ya karanta, sa'an nan ya zauna a dandali ya bayyana wa wanda bai iya ba, ya kuma saurari abin da dattijon manomi zai ƙara masa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.